Masu bincike sun kawo wa makarantarmu ta Agege tayin kwamfutocin hannu, mu sa hannu?

Malam Sani Hedimasta, Agege:
Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan uwa na wannan zaure, shawara nake nema kafin kwamitin makaranta ya zauna ranar Lahadi. Wasu baƙi sun zo makarantar al'ummarmu: malamai biyu daga wata jami'a ta nan Legas, da wakilin wani kamfani mai manhajar koyon karatu, da wata baiwar Allah daga ƙungiyar ƙasar waje da ke biyan kuɗin aikin. Suna son gwada manhajar da 'yan aji biyu da aji uku, tsawon zango biyu. Za su kawo kwamfutocin hannu, su kafa sola don caji, su horar da malamai. A madadin haka za su yi wa yara gwajin karatu a farko da ƙarshe, kuma za a yi ƙuri'a, rabin yaran su samu na'urar, rabi su ci gaba da allo da alli don a kwatanta. Sannan manhajar tasu da Turanci da Yarbanci kawai take, don haka suna so malamanmu su mayar da darussan Hausa, su kuma naɗi muryoyinsu. Sun bar mana takardar yarjejeniya, Turancin lauyoyi ne zalla. Wasu a kwamiti na cewa mu karɓa kafin su kai wa wata makarantar.

Abba Obalende:
Wa alaikumus salam. Malam, ko solar kaɗai ai ta isa a sa hannu. Yaushe rabon a ga wuta ta wuni a unguwar nan?

Alhaji Bala Mile 12:
Abba, yaro man kaza. Ni ban san kwamfuta ba, albasa na sani. Amma wanda ya taso tun daga wata ƙasa ya ratsa cunkoson Oshodi ya zo har Agege da kaya a hannu, akwai abin da yake nema a wurinku wanda ya fi kayan daraja a wurinsa. Malam Sani, kafin a yi cinikin biri a sama, ku fara gano mene ne namu hajar a cikin wannan ciniki.

Injiniya Nura, Yaba:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma kada mu fara da zargi. Haka ake wannan aiki ko'ina yanzu. Kamfani yana da manhaja amma ba wanda zai yarda da shi in ya yabi kansa, shi ya sa yake neman jami'a ta auna. Jami'a na neman abin da za ta rubuta ta wallafa. Mai ba da kuɗi yana son hujjar da zai kai wa gwamnati. A nan Yaba, cibiyar fasaha ta CcHUB ta fara haɗa gwiwa da gidauniyar Mastercard a 2023 wajen tallafa wa ƙananan kamfanonin fasahar ilimi, kuma tambayar da ake yi wa kowane kamfani ita ce ina shaidar cewa yara sun koya. Kuma akwai inda abin ya yi aiki. A 2024 Bankin Duniya da gwamnatin Edo sun yi gwaji a Benin, 'yan ajin farko na babbar sakandare suka yi mako shida suna koyon Turanci da ƙirƙirarriyar basira bayan an tashi makaranta. Masu binciken suka ce ci gaban da aka samu ya kusa kai na shekara biyu na karatun yau da kullum. In muka ƙi irin waɗannan abubuwa, gobe mu ne za mu dawo muna kukan babu Hausa a ciki.

Dakta Hadiza, Akoka:
Injiniya, bari in ɗan taka maka burki a kan maganar Edo, don wannan fannina ne. Binciken na gaske ne kuma an yi shi da ƙuri'a kamar yadda ya kamata. Sai dai shekara biyun nan ba yara aka bi shekara biyu ba, lissafi ne: an ɗauki makin da suka ƙaru a mako shida aka auna shi da ɗan abin da ɗalibi ke ƙaruwa da shi a shekara a irin makarantunmu. Idan ma'aunin ƙarami ne, komai ka ɗora masa sai ya yi girma. Kuma yaran manya ne da suka riga suka iya karatu, a ɗakin kwamfuta, malami na tsaye a kansu yana yi musu jagora. Malam Sani yana maganar 'yan shekara bakwai ne da wasunsu ba su gama bambance baƙaƙe ba.

Ga ɗaya ɓangaren. Wasunku za su tuna da 'yar koriyar kwamfutar nan ta shirin kowane yaro da kwamfutarsa, wadda Nicholas Negroponte ya fito da ita a 2005, har aka gwada ta a wata firamare a Galadima ta Abuja. Ƙasar Peru ta saye ta da yawa. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna a makarantu 319, rahotonsu na 2012 ya nuna bayan wata 15 babu wani bambanci a makin lissafi ko na harshe. Na'urar ta isa hannun yara, amma darasin bai canza ba. A Indiya kuma, a Delhi, an gwada wata manhaja mai suna Mindspark, wadda ke fara gano matakin da yaro yake sannan ta ba shi aiki daidai da shi, cikin wata huɗu da rabi aka ga ƙaruwa sosai a lissafi da harshen Hindi. Saboda haka tambayata ta farko ga baƙin ba yawan kwamfutocin ba ce. Me manhajar ke yi wa yaron da ke aji uku amma karatunsa na aji ɗaya ne?

Maman Khalifa, Idi-Araba:
Dakta, ni duk wannan bai dame ni kamar maganar ƙuri'ar ba. Yara biyu 'yan gida ɗaya, a ba wa ɗaya a hana ɗaya? Malam Sani, wallahi iyaye mata za su cika maka ofis. Wata ma cewa za ta yi don mijinta ba ya cikin kwamiti ne.

Dakta Hadiza, Akoka:
Maman Khalifa, damuwarki a kan hanya take. Dalilin ƙuri'ar shi ne in aka bar hedimasta ko kamfani su zaɓa, masu ƙoƙari za a ɗauka, sai a ce manhaja ce ta yi aiki. Amma akwai hanyar da aka saba: a rubuta a yarjejeniya cewa rukuni na biyu za su karɓi nasu da zarar an gama gwajin ƙarshe, kuma a yi ƙuri'ar a gaban iyaye. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne raba yara a cikin makaranta ɗaya. Yaranmu a islamiyya suke haɗuwa da yamma, a tsakar gida ɗaya suke kwana, wanda ya koyi waƙar baƙaƙe a na'ura kafin magariba ya koya wa ƙaninsa. Shi ya sa masu bincike da yawa suke raba makarantu sukutum, ba yara ba. Malam, ka tambaye su makarantu nawa ne a cikin aikin. In taku ce kaɗai, abin da za su samu bai isa a kafa hujja da shi ba, sai dai hotunan talla.

Malam Sani Hedimasta, Agege:
Sun ce akwai wasu makarantu a Mushin da Ikorodu, amma tamu ce kaɗai ta Hausawa.

Injiniya Nura, Yaba:
To ga amsar tambayar Alhaji nan. Yara masu jin Yarbanci suna da su ko'ina. Abin da ba su da shi Hausa ce, kuma kasuwar Hausa ba Agege ba ce, Kano ce da Kaduna da Katsina har Nijar. Ku kuna nan kusa da ofishinsu, ba sai sun hau jirgi ba. Darasin da malamanku za su fassara da muryar da za su naɗa, su ne kayan da za a je a tallata wa gwamnatocin Arewa. Kuma muryar da aka naɗa aka haɗa da rubutunta kalma da kalma abu ne mai tsada a yanzu, da ita ake horar da na'urar da ke sauraren yaro yana karatu ta gane inda ya yi tuntuɓe. Ni ban ga laifi a su nemi wannan ba. Laifin shi ne a karɓa a matsayin taimakon da malamai suka yi fisabilillahi.

Alhaji Bala Mile 12:
Madalla. Ashe mu ne masu kaya.

Barista Kabiru, Ikeja:
Malam Sani, Allah ya ƙara girma, ka turo min hoton takardar ta akwatin sirri. Kafin nan ga abin da doka ta ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman amincewar uwa ko uba ko mai riƙo kafin a tattara bayanan yaron da bai kai shekara 18 ba. Sa hannun hedimasta ba ya maye gurbin wannan. Makin yaro, sunansa, hotonsa, muryarsa, duk bayanai ne. Kuma amincewar da mutum bai fahimta ba ba amincewa ba ce, don haka takardar iyaye ta zo da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, a kuma gaya masa yana da damar janye ɗansa daga baya. Ku duba inda za a adana bayanan, nan ƙasar ko waje, da wanda zai iya buɗe su, da ranar da za a goge.

A kan darussan kuma, ku nemi sakin layin da ke maganar mallaka. Yawanci za ka ga an rubuta cewa duk abin da aka samar a aikin ya zama na kamfani har abada. In haka ne, gobe sola ta lalace, aiki ya ƙare, ku nemi darasin da Malama wance ta rubuta da hannunta a ce sai kun biya kuɗin wata.

Malama Rabi, Oko-Oba:
Ni a firamaren gwamnatin Legas nake koyarwa, kuma tun da aka fara shirin gyaran firamare na jihar, EKOEXCEL, a 2019 da na'urar hannu muke shiga aji. Bambancinsa da naku, na'urar a hannun malami take ba yaro ba, darasin ranar na ciki a tsare, tana kuma nuna lokacin da ka fara da lokacin da ka gama. Kamfanin NewGlobe ne abokin aikin gwamnati, su ne kuma suka yi irinsa a jihar Edo, EdoBEST, a 2018. Abin da zan ƙara kawai, ku lissafa lokacin malamai. Caji, rabawa, karɓa, ƙirgawa, duk a cikin lokacin darasi suke ci. Malamin makarantar al'umma da albashinsa bai taka kara ya karya ba, da yamma yana islamiyya ko yana ɗan kasuwancinsa, yaushe zai zauna fassara?

Dakta Hadiza, Akoka:
Tun da Malama ta ambaci NewGlobe: hujjar da suka fi kafawa ita ce binciken Michael Kremer, wanda ya ci kyautar Nobel a 2019, a makarantunsu na Bridge da ke Kenya. Ya fito a 2022, ya nuna 'yan firamare sun wuce takwarorinsu da kusan shekara guda bayan shekara biyu. Bincike ne mai ƙarfi, amma a Kenya aka yi shi, a makarantu masu zaman kansu. Hukumar UNESCO ma a rahotonta na 2023 kan fasaha a ilimi ta koka cewa hujjoji masu zaman kansu sun yi ƙaranci, da yawa daga masu sayar da kayan suke fitowa. Shi ya sa nake so a tambayi malaman jami'ar nan a fili: wa ke biyanku, kuma in sakamako ya fito babu daɗi, kuna da 'yancin wallafa shi ba tare da izinin kamfani ba? Mu malaman jami'a ma mutane ne, kuɗin bincike a ƙasar nan ba ya isa, kowa na rububin na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund. Ku kuma nemi ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arsu. In aikin na gaske ne tana cikin jakarsu.

Baba Malam Ɗanjuma, Ijora:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Ni a Bauci na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, yanzu ina nan wurin ɗana. Abin da ke ba ni takaici shi ne kowane baƙo ya zo sai ya yi kamar ba a taɓa rubuta darasin karatu da Hausa ba. A Bauci da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta da kuɗin hukumar USAID, littafin ɗalibi da jagoran malami, aji ɗaya zuwa uku. A Katsina da Zamfara an yi irinsa mai suna RANA tare da UNICEF. A Kano, a Wudil da Dawakin Tofa, an gwada tsarin raba yara bisa matakin karatunsu ba bisa ajinsu ba. Masana Hausa sun zauna sun tsara wane baƙi ake fara koyarwa, yaushe ake kawo masu ƙugiya, yaushe ake kawo masu goyo irin su sh da ts da ky. Wannan aiki ba fassara ba ne. Darasin da aka gina a kan sautin Turanci ko na Yarbanci, in ka juya shi Hausa kalma da kalma, tsarin ya rushe, domin hotunan ma an zaɓe su ne don sautin farko na kalmar wancan harshe. Ku ce musu su je su nemo waɗancan littattafai su ɗora a kai. USAID ɗin ma an rufe ta a 2025, Allah kaɗai ya san inda wasu kayan suka maƙale.

Abba Obalende:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ba gwamnati ta soke koyarwa da harshen uwa ba? To wahalar me ake yi?

Baba Malam Ɗanjuma, Ijora:
Haka ne ɗana, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an janye tsarin 2022, a koma Turanci. Amma ministoci na zuwa suna tafiya. Wani ministan ilimin, marigayi Farfesa Babs Fafunwa, haifaffen Isale Eko a Legas ɗin nan da kuke, shi ya jagoranci gwajin Ife da aka fara a 1970 da tallafin gidauniyar Ford. Shekara shida ana koyar da yara komai da Yarbanci, Turanci na matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Ka lura, jami'ar gida ce ta riƙe tambayar, baƙi kuɗi suka kawo, malaman gida suka rubuta littattafan.

Malama Rabi, Oko-Oba:
Baba, da girmamawa, yaran Ife da na Agege ba ɗaya ba ne. Namu Hausa a gida, Yarbanci a layi, buroka a kasuwa, Larabci da yamma, Turanci a aji. Akwai jikokin waɗanda suka zo Zango tun zamanin fataucin goro da Yarbanci ya fi zama a bakinsu. Kuma jarrabawar da ke gabansu a jihar nan da Turanci ce, Yarbanci kuma dole ne a makarantu tun dokar 2018. Iyaye da yawa don Turancin suka kawo su. Ban ce kada a yi Hausa ba, amma kada mu yanke wa yaran hukunci daga Bauci.

Dakta Hadiza, Akoka:
Malama Rabi, kin taɓo abin da ni a ganina ya kamata ya zama sharaɗin makarantar. Wannan tambaya taki, da wane harshe yaron Bahaushe ɗan Legas ya fi saurin kama karatu, ita ce ta dame ku, kamfani kuwa tasa tambayar ita ce ko manhajarsa na aiki. In haɗin gwiwa ne da gaske, a saka taku a cikin binciken. Ba wani kuɗi mai yawa zai ci ba. Gwajin da ake yi wa ƙananan yara mai sauƙi ne, a ba yaro takarda ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga baƙaƙe ko kalmomin da ya faɗa daidai, a yi masa 'yan tambayoyi. A yi shi da Hausa da Turanci duka. Kuma mai gwajin ya kasance yana jin Hausa, don na ga yadda yarinya mai kunya ke sunkuyar da kai a gaban baƙon da ba ta fahimci umarninsa ba, a rubuta mata sifiri alhali ta iya. Sannan a ba makaranta sakamakon kowane aji a hannu, a zo a yi wa iyaye bayani da Hausa, ba a aiko muku da rahoton Turanci bayan shekara biyu ba.

Injiniya Nura, Yaba:
Na yarda, sai dai ku san iyakar abin da za ku nema. Ba za su ba ku manhajarsu ba, jarinsu ce. Abin da zai yiwu shi ne darussan Hausar da muryoyin su fita da buɗaɗɗen lasisi irin na Creative Commons, yadda labaran African Storybook suke, kowa ya ɗauka ya buga ko ya gyara muddin ya ambaci mai shi. Kamfani ya yi amfani da su, ku ma ku riƙe kwafinku, makarantar Idi-Araba ko Alaba Rago ma ta ɗauka. Akwai manhajar Kolibri ta kyauta da ke aiki ba intanet, za a iya zuba su a ciki. Ku kuma tabbatar tasu na aiki ba data, don tun ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025 kowa ya san yadda data ke ƙarewa. Shafin Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe a 2022 yana da darussa da Hausa, ku leƙa ku ga abin da ke akwai kafin wani ya ce muku shi ne na farko.

Barista Kabiru, Ikeja:
Muryoyin malamai, i, in an biya su sun kuma yarda a rubuce. Muryoyin yara kuwa kada su shiga wani buɗaɗɗen lasisi, Injiniya. Wannan daban.

Injiniya Nura, Yaba:
Barista, ba tare da muryar yara ba na'ura ba za ta taɓa gane karatun yaro ba. Muryar babba daban take.

Barista Kabiru, Ikeja:
To su nemi wannan izinin shi kaɗai a takarda daban, su faɗa wa uba abin da za a yi da ita. Wanda ya ƙi, ɗansa ya ci gaba da amfani da na'urar. Malam Sani, na ga hotunan. Sakin layin mallaka yadda na yi zato yake, har da cewa za su iya miƙa wa wani kamfanin. Maganar biyan malamai babu ita ko kaɗan, shaidar halartar horo kawai aka ambata. Sola kuma aro ce, za su kwashe in aiki ya ƙare.

Abba Obalende:
Kai! Har solar?

Alhaji Bala Mile 12:
Malam Sani, ranar Lahadi kada kowa ya sa hannu. A kira su su dawo, Dakta da Barista su zauna tare da ku, ni zan ɗauki nauyin motar da za ta kawo Baba daga Ijora. In sun ji sharuɗɗanmu sun gudu, sun sauƙaƙa mana.

Malam Sani Hedimasta, Agege:
Allah ya saka da alheri. Ni dai tsorona kada mu tsaurara su tafi, yaran su tashi a tutar babu. Na'urar nan ko ba komai za su saba da ita, tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma muna ganin yadda namu ke rawar hannu a ɗakin jarrabawa.

Dakta Hadiza, Akoka:
Ba za su tafi da wuri ba, Malam. Neman wata makarantar Hausawa mai rajista, mai malaman da za su iya rubuta daidaitacciyar Hausa, a cikin Legas, ba aikin mako ɗaya ba ne, kuma masu ba da kuɗi suna da wa'adi. Zan zo in sha Allahu, amma sai bayan azahar.

Maman Khalifa, Idi-Araba:
Barista, tun da takardar na gabanka, duba mana. In yaro ya yar da na'urar ta fashe, ko aka fasa ofis aka sace, wa zai biya? Iyaye ko makaranta?

Barista Kabiru, Ikeja:
An rubuta makaranta ce ke da alhakin tsaron kayan, amma shafin da ke bayanin diyya bai fito sosai ba. Malam, sake ɗauko min shi a wuri mai haske, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa.